Motar Da Ke Juyawa Da Gindi A Filin Shanyar Citta

Zuwa ga Manajan ɗakin ajiyar citta na hanyar Madakiya, Kafanchan.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ce Saratu, ɗaya daga cikin matan da ke tsaga citta suna shanyawa a filinku. Na rubuto ne kan sanarwar da mai gadi ya kawo mana, cewa daga mako mai zuwa mu kwashe shanyarmu saboda muna tare wa motar ɗaga kaya hanya.

Na ɗaya: ba mu da faɗa da motar. Tayoyinta kamar na tarakta ne, cikinta a sama, tana hawa duwatsu da kwararon ruwan da ke tsakiyar filin ba ta zubar da buhu ko ɗaya. Ta hutar da bayan mazanmu. Wannan gaskiya ne, kuma mun gode.

Na biyu: motar nan da tayoyin baya take juyawa, kuma ba wanda ya faɗa mana. Mu tun muna yara, in mota ta taho, mukan bar kanta ya wuce, sai mu koma bakin aikinmu, don mun san kai ne ke karkata, baya bi kawai yake yi. Haka Mama Asabe, ɗaya daga cikinmu, ta yi. Kan motar ya wuce, ta sunkuya tana juya cittarta, direba ya karya kwana, gindin motar, mai ƙaton ƙarfe, ya yi waje ya share ta. Ina kusa da ita, na ji ƙarar ƙashin. Har yau raina yana ɓaci in na tuna.

Na uku: an ce laifinmu ne. To, rashin sani ya fi dare duhu, amma wa ya kamata ya kunna fitila? Wanda ya sayo motar ya san halinta. Direban ma, Malam Sani, buhuna sun tare masa gaba, hankalinsa yana can.

Roƙonmu kaɗan ne. A jera duwatsu a shata wa motar hanyarta, a bar mata fili a wuraren karya kwana inda gindinta ke lilo. A sa Malam Sani ya juya ta a gabanmu ba kaya, kowa ta gani da idonta. Sauran filin a bar mana. Ba mu da wani wurin shanya, kuma citta ɗanya ba ta jira, ruɓewa take.

Bayan sujada ranar Lahadi na je duba Mama Asabe. Ƙafarta na ɗaure da kara, amma abin da ta fara tambayata shi ne ko wurinta na gefen mangwaro yana nan. Na ce mata yana nan. Ranka ya daɗe, kada ka mayar da ni maƙaryaciya.

Ubangiji ya ba ka hikima, ya tsare gidanka.

Wassalam.
Saratu, a madadin matan shanya.