Mota Mai Jan Ciki

Unguwar Tsamiya, bayan Gozaki.

Zuwa ga mijina na wasa, Awaisu.

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka koma Funtua lafiya, kai da ƙadangaren nan naka. Ni ce kakarka Hajjo. Kada ka yi wa rubutuna dariya, ajin yaƙi da jahilci ne ya ba ni shi. Na ƙi kiranka a waya don maganar waya iska ce, takarda kuwa ko ka ƙi za ka sake karantawa.

Da ka kawo matarka Mero goyon ciki gidan iyayenta, duk unguwa an fito kallon jar motarka. Ni ban ga mota ba, na ga akushi a kife. Bara da ka zo da ita kaza tana shiga ƙarƙashinta ta sha inuwa. Bana ko ɗan tsako sai ya durƙusa. Wa ya yanke mata ƙafafu? Ko laifi ta yi maka?

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Da za ka fita, cikinta ya gogi tudun ƙofar masallaci, na ji wata ƙara kamar ana wasa wuƙa a dutse. Har yau tana kunnena. Ka san hanyarmu zuwa kwalta: amalanken shanu da tarakta sun ci gefe biyu, sun bar doro a tsakiya. Damina kuwa yanzu ta fara. Ranar da 'yar mutane za ta tashi haihuwa, da me za a kai ta asibitin Malumfashi?

Ka huta lafiya. Matarka ta fari, wadda ba ka taɓa saya wa ko zane ba,
Hajjo.

*

Funtua.

Assalamu alaikum, tsohuwa mai ran ƙarfe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso ta hannun Mati direba, na yi dariya har abokan aikina suka tambaye ni lafiya.

Kaka, ba yanke mata ƙafa aka yi ba, sauke ta aka yi. Bakanike ya cire sifirin ɗinta, ƙarafan nan da ke ɗaga ta sama, ya sa gajeru, don ta kwanta a ƙasa. Irin waɗannan motoci haka ake yi musu. In kin ga yadda take shan kwana a hanyar Zariya, ko girgiza ba ta yi, da kin ce a ɗana ki.

Gaskiya akwai 'yar wahala. Ba na bi ta bakin kasuwar hatsi saboda ramukan manyan motoci. Tudun rage gudu kuma ba na hawansa kai tsaye, sai a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, masu babur suna yi mini oda. In da mutane a baya, sai in ce su sauka su taka in haye. Akwai kuma katako biyu a but ɗin baya da nake shimfiɗa wa tayoyi a wurare masu wuya. Kullum da ita nake zuwa aiki, na san halinta kamar tafin hannuna.

Maganar Mero ki kwantar da hankalinki. Ana kirana zan taho. Ɗana na fari ba zai fara tafiyar duniya a bayan motar ɗaukar taki ba.

Naki, angon da ba ya tsufa,
Awaisu.

*

Unguwar Tsamiya.

Zuwa ga mai gidana, sarkin taurin kai.

Ina gaishe ka. An yi ruwa shekaranjiya kamar da bakin ƙwarya, masara ta yi baƙi ƙirin don kyau, hanya kuma ta lalace.

Na ji labarin zuwanka ranar Asabar. Ka zo ka gwada hanya, ka shige ka fita, ko ƙofata ba ka leƙo ba don kada in yi maka tsiya. Yara sun ce kana ta karkace-karkace kamar ƙaguwa, da ka kai kwalta ka fito da hannu kana ɗaga musu. Barka. Sai dai kai kaɗai ne a ciki, kai da ba ka fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba.

Bari in tuna maka abin da birni ya mantar da kai. A nan mai naƙuda ba ta tafiya ita kaɗai. Uwarta Nana Aisha za ta shiga. Gwaggonta za ta shiga, ka kuwa san Allah ya yi mata jiki. Ga Roda, maƙwabciyarmu da ta yi aikin jinya kafin ta yi ritaya, ita ke duba ta. Ga baho, ga filas, ga ƙullin zannuwa. To, a gaya mini, da wane baki za ka ce wa surukarka ta sauka ta taka? Kai da in ka hango ta a hanya kake canja lungu?

Yanzu ajiye wasa. Ƙafafun Mero sun kumbura, zobe ma ya ƙi fita daga yatsanta. Roda ta auna ta, ta ce jininta ya hau, kada a kuskura a bar ta ta haihu a gida, kuma in abin ya tashi ba ya son jira. Da ta faɗi haka ba ta kalli kowa ba, ƙasa take kallo. Na san Roda tun tana yarinya, ba ta cika yin haka ba.

Na yi magana da mijinta Istifanus. Ya ce a-kori-kurarsa tana nan, zai daina zuwa kasuwannin nesa har Mero ta sauka. Motar tana warin taki, ƙofarta da igiya ake ɗaurewa, amma cikinta na sama. Ka bar shi ya kai ta kwalta, daga nan ka ɗauke ta a ƙadangarenka ka yi ta burga.

Allah ya sa ka ji. Taka,
Hajjo.

*

Funtua.

Kaka, barka da war haka.

Na karanta. Kin cika tsoro, tsufa ne. Na kira Baba Istifanus na yi masa godiya, na ce ya ci gaba da harkarsa, kada ya yi asarar kasuwa saboda ni. Me mutane za su ce, ina da mota a kai matata asibiti a ta maƙwabci? Na ƙara wa tayoyi iska, ta ɗan ɗaga. Na kuma san wurin nan mai doro kusa da rafi, na haye shi ba ko gogawa.

Ki tanadi guɗa kawai.
Awaisu.

*

Asibiti, Malumfashi.

Kaka,

Ban san yadda zan gaishe ki ba. Na san labari ya iso miki gutsi-gutsi, gara ki ji daga bakina.

Da hantsi aka kira ni, kafin azahar ina ƙofar gidansu. Baba Istifanus ya tafi kasuwa da kaya tun safe, kamar yadda na ce masa. Aka fito da Mero tana riƙe da kai, tana cewa ba ta gani sosai. Suka shiga kamar yadda kika lissafa, ba wadda ta ragu. Tun daga ƙofar gida na ji motar ta zauna.

Da muka iso doron nan na rafi na tsaya. Na san abin da ya kamata in faɗa. Kalma biyu ce, “ku sauka”, na sha faɗa wa abokaina ita a Funtua ina dariya. Na ɗaga ido na ga mayafin Inna, surukata, a madubi, ga yayyafi, ga taɓo har idon sawu, sai harshena ya yi nauyi. Mama Roda ta ce, “Awaisu, lafiya? Mu tafi mana, yarinyar nan ba ta da lokaci.” Na ce a raina in na zo da gudu za ta haye. Na ja baya na taka.

Ƙarar da kika ce kin ji, Kaka, wannan ta fi ta. Motar ta hau doron ta zauna a kan cikinta, tayoyi na juyawa a banza. Baƙin mai ya tsiyaye cikin ruwan hanya, inji ya mutu. Na sa katakon, taɓo ya haɗiye su. Manoma suka bar garma suka zo ɗagawa, babu inda za a sa hannu a ƙarƙashinta. Kuma ta toshe hanyar, ko da wata mota ta zo ba ta da wurin wucewa.

A nan jijjiga ta kama Mero. Mama Roda ta kwantar da ita ta gefe tana kiran sunanta. Wani mai amalanken shanu daga ƙetaren rafi ya sauke takinsa, aka shimfiɗa zannuwa aka ɗora ta. Ina biye da su a ƙasa. Ban taɓa sanin shanu na da jinkiri haka ba. Sai bayan la'asar muka kai kwalta muka samu bas.

An yi mata aiki. An ciro mace, tana da rai, tana kuka. Mero ba ta farka ba. Likita ya ce da an zo da wuri, bai ƙarasa ba. Inna tana ciki wurinta, ni ina bakin baranda, na kasa shiga.

Ki yi mana addu'a. Ki ce wani abu, ko zagi ne.
Awaisu.

*

Unguwar Tsamiya.

Awaisu,

Allah ya raya abin da aka samu. Allah ya tashi kafaɗar uwarta.

Istifanus ya ɗaura wa motarka igiya ya ja ta gefe, hanya ta buɗe. Baƙin man yana nan a kan doron, ruwa bai wanke shi ba.

Roda ta dawo ɗaukar kaya, ta kawo mini maganar surukarka. Ba ta zage ka ba. Cewa ta yi, “Da yaron nan ya ce in sauka, wallahi da na sauka, ko a kan ƙaya ne.”

Ka tashi daga barandar nan ka shiga, ka tsaya inda za ta gan ka. Kunyar ta isa haka.

Wasa kuwa na ajiye shi, sai ranar da Mero ta buɗe ido.

Kakarka,
Hajjo.