Taku Goma Sha Huɗu

Maskat, 9 ga Janairu

Yaya Raghavan,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan Mama tana shan maganinta, gwiwarka kuma ta yi sauƙi. Ni lafiya lau. Ƙafafuna kan kumbura in na tashi daga aikin asibiti, amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Sau shida na kalli bidiyon wasan kurket ɗin Nandu, inda yake jefa wa mai sanda ƙwallo. Ka ce min ɗana ƙalau yake. Yaya, tun yana ɗan shekara tara taku goma sha takwas yake gudu kafin ya saki ƙwallo. Silifas ɗina nake ajiye masa a bayan gida don ya san inda zai fara. Yanzu goma sha huɗu yake yi, kuma duk jifa sai ya dafe ƙugu. Mai jifa da ƙarfi ba ya rage taku haka kawai. Bayansa ne ke ciwo.

Kai kuma sai ka kai shi a shafa masa man zafi! Kocinsa kuma wai, "Ya daure, masu zaɓen 'yan wasan jiha suna zuwa Asabar." In ƙashin ya tsage, kocin ne zai yi jinyarsa? Shekara ashirin ina juya marasa lafiya a kan gado, na san ƙarshen "ya daure".

Ubangiji ya saka maka da alheri kan riƙon da kake masa. Amma ranar Laraba ka kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashin bayan, ka kuma ɓoye takalman wasansa. In ya yi fushi, ka ce ni ce. Ya saba jin haushina daga nesa.

Ƙanwarka,
Sulochana