Me Zan Rubuta Ranar Litinin?

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri. Ya Anti da yara? Na kira sau uku ba ka ɗauka ba. Na san kana cikin mota da ɗalibi, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Yaya, kaina ya kulle. Ka san aikina, horar da masu neman aiki: yadda za su tsara takardunsu, yadda za su zauna gaban masu intabiyu ba tare da sun rikice ba. Kowace Litinin kuma ina tura wasiƙa ta imel ga mutum ɗari shida da suka ba ni adireshinsu, kuma daga cikinsu nake samun masu zuwa ajina. Shekara ɗaya da rabi ban taɓa fashi ba. To yanzu na ƙarar da abin da ke cikina tas. Na yi rubutu kan gaisuwa, na yi kan tufafi, na yi kan kallon mutum ido da ido. Makon jiya har kan goge takalmi na rubuta! Mutum goma sha ɗaya suka cire sunansu. Ban ga laifinsu ba.

Yau tun safe nake zaune a teburin nan na kusa da taga, na sha shayi kofi uku, layi ɗaya ban rubuta ba. Kai da ka shekara ashirin kana koyar da tuƙi, bakinka bai taɓa rasa abin faɗa ba. Ka taimaki ƙanwarka.

Ka gaida kowa.
Autarku

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Antinki ta yi dariya har da riƙe ciki kan zancen takalmi. Ta ce saura ki rubuta kan yanke farce.

Ni ba marubuci ba ne, amma ga abin da na lura. Ɗalibi yana tuƙi ba ya tambayata komai sai shirme: ina giya ta uku, yaushe zan sa sigina. Tambayar gaskiya sai an kashe mota take fitowa, ya buɗe ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Akwai wata dattijuwa da na koyar. Sati biyu tana tambayata kan birki. Ran nan za ta fita sai ta juyo ta ce, "Malam, tsakani da Allah, mai shekaruna yana iya koya kuwa? Maigidana ya kwanta ciwo, ba mai kai shi asibiti." Ashe abin da ya kawo ta ke nan. Yanzu ita ke kai shi, tana tafiya kamar kunkuru, amma tana isa.

Ke ma idan an tashi aji, kada ki yi saurin naɗe wayar kwamfutarki. Tsaya a bakin ƙofa. Wanda ya yi ta jan jiki yana gyara jaka har kowa ya fita, shi ne mai maganar. Abin da ya tambaye ki, shi za ki rubuta.

Kuma ki rage shayin nan.
Yayanki

*

Yaya na kaina,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya bar mana kai!

Na tsaya a bakin ƙofa kamar mai gadi. Wata mata ta yi ta ɗaure igiyar jakarta tana kwancewa. Da kowa ya watse ta ce, "Malama, na yi shekara shida a gida ina rainon yara. Idan suka ce me kika yi a shekarun nan, in ce me?" Na nemi izininta na rubuta a kai, ban sa sunanta ba. Yaya, amsa arba'in da biyu na samu! Da can in na samu uku sai in yi ta murna.

Sai na ƙara da wata dabara. A ƙarshen wasiƙar na ce duk mai tambayar da yake jin kunyar yi a gaban mutane ya turo. Yanzu ina da littafi guda cike. Wani an kore shi daga aiki, bai san yadda zai faɗa ba. Wani yana da i'ina. Wata tana tsoron shugabar da ta girme ta da shekara biyu kacal. Abin da zan rubuta har wata huɗu ya samu.

Na sa adireshinka a cikin masu karɓa, ko ka so ko ka ƙi.
Auta

*

Yaya,

Sallama. Sati uku ke nan shiru. Na rubuta sau biyu, na kira, wayar tana ta ringin. Anti ta ce min lafiya ƙalau kake, amma muryarta ba ta yi min ba, kuma ta yi saurin cewa tana da girki a wuta. Idan wani abu na yi, ka faɗa min. Idan ba ka da lafiya kuka ɓoye min, wallahi mota zan hau in zo.

Ƙanwarka

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ki yi haƙuri. Ba ki yi komai ba, kuma lafiyata ƙalau. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara, sauran na goge.

An rufe makarantar tuƙi. Mai wurin ya sayar da filin, za a yi gini. Wata biyu ke nan. Lokacin da na rubuto miki labarin dattijuwar nan, ba ni da ɗalibi ko ɗaya. Kullum da safe sai in yi wanka, in sa rigar aiki, in ce wa yara sai na dawo. In je bayan tashar bas in faka a ƙarƙashin wata bishiya, in kwantar da kujera, in yi ta kallon masu wucewa har la'asar. Mai sayar da jarida na wurin ya ɗauka ni ɗan sandan ciki ne.

Ranar da na daure na gaya wa Antinki, ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Tun satin farko na sani. Shekara ashirin kana shigowa da warin kulocin mota da ɗalibai suka ƙona, rana ɗaya ka fara dawowa fes kamar ango." Na ce to me ya hana ki magana? Ta ce, "Jira nake ka gama jin kunyata." Auta, ban san lokacin da na zauna a bakin gado ba.

Ina karanta wasiƙunki duk Litinin, a cikin motar. Ta mutumin da aka kora na karanta ta ya fi sau biyar. To ga tawa tambayar. Wani kamfanin kai kaya yana neman wanda zai kula da direbobinsu, sun kira ni ranar Alhamis ta sama. Shekarata hamsin da ɗaya, ban taɓa zama intabiyu ba. Ni na goya ki zuwa makaranta, yau ga ni ina tambayarki yadda ake zama a kujera. In sun ce na tsufa, in ce me?

Yayanki

*

Yaya,

Na karanta, na yi kukana, na wanke fuska. Faɗan ɓoye min da ka yi yana nan, na ajiye shi sai bayan Alhamis. Yanzu aiki.

Ba za su ce ka tsufa ba, a ransu za su riƙe. Don haka kai za ka fara. Ka gaya musu mutum nawa ka koya wa tuƙi. Na san kana da littattafan nan masu baƙin bango a saman kwaba, ka sauko da su ka ƙirga. Ka ba su labarin direban tanka da ka hana shi takardar shaida sau biyu saboda gudu, ya zage ka, daga baya ya kawo maka ɗansa. Kada ka ce "ni dai ɗan abin da na sani". Wannan ladabin naka ka bar shi a mota.

Gobe da jibi ƙarfe huɗu zan kira ka ta bidiyo. Ka sa rigar da za ka je da ita, ka zauna a kujerar falo, Anti ta zauna gefe ta zama shugabar kamfani. Zan yi maka tambayoyi masu zafi, ba sani ba sabo. Ka goya ni shekara uku, ka bar ni in goya ka kwana biyu.

Sannan ina da roƙo. A cikin mutanena akwai masu shekarunka da yawa, kuma na tabbata wasu suna zaune a mota yanzu haka. Ina so in rubuta labarinka. Zan ce "wani mutum", ba wanda zai gane. In ba ka so, magana ta mutu.

Allah ya ba da sa'a.
Autarka

*

Auta,

Na je. Na yi gumi har rigar ta manne, amma bakina bai mutu ba. Mutum dubu ɗaya da ɗari tara da shida na koyar, na faɗa musu, ɗaya ya cire tabarau ya sake kallona. Sun ce in dawo ranar Talata in ga manaja. Antinki ta fi su tsanani nesa ba kusa ba.

Ki rubuta. Amma ban yarda da "wani mutum" ba. Na gaji da ɓuya. Ki ce yayanki ne.

Ki gaida kanki.
Yayanki