Ni na tilasta mata rubuta sunan kakarta

Assalamu alaikum ƴan uwa na wannan zaure, manya da ƙanana. Adimin don girman Allah ka ɓoye sunana, garin da nake kowa ya san kowa a cikin irinmu baƙi. Don Allah ku ba ni shawara, duk da ni kaina ban ga ta inda mafita za ta ɓullo ba, amma in ban faɗa wa wani ba zuciyata za ta fashe. Daga siber, wato shagon intanet, nake rubuto wannan, yau zuwana na uku ke nan, sau biyun farko kuka ya hana ni gamawa, na goge na tashi.

Ni ƴar Damagaram ce, na yi koyarwa a lekkol shekara huɗu kafin in biyo maigidana nan Tamanrasset, shi aikin gini yake yi. A unguwar Tahaggart muke zaune. Da na zo sai na tarar da yaranmu suna ta gararamba a titi, iyayensu ba takardu, lekkol ɗin gwamnati kuwa ba ta ɗaukar yaro sai da takarda. Abin ya tsaya mini a rai. Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa a layinmu, mutumin Ayar ne, can ƙasar Agadas, amma ya daɗe nan har ya zama ɗan ƙasa, shi ya ba ni garajinsa kyauta, ya sayo mini tabulo, wato allon bango, da tabarmi, har ɗansa na ƙarshe ya turo mini ya koyi Faransanci. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya fara zaginsa, wallahi mutumin nan ya yi mini alherin da dangina ba su yi mini ba. Yara goma sha tara gare ni, muna karatu da rubutu da lissafi.

Abin ya faro ne wata rana da wata yarinya ta shigo aji idonta jajir. Bari in kira ta Hadiza, ba sunanta ba ne. Shekararta goma sha biyu, uwarta ta rasu, ubanta ya wuce Libiya tuntuni ba labari, tana zaune da kakarta a gidan Alhajin. Wai an aike ta sayen burodi wasu yara suka bi ta suna ce mata kahlush, wato kalmar da ake jifan baƙin mutum da ita a nan. Duk yarana sun saba jin ta, ni ma na saba. Amma ranar sai ta ɗaga hannu ta tambaye ni, wai Malama, tunda aka yi duniya baƙin mutum ya taɓa yin wani abu da aka rubuta a littafi? Na duba ƴan littattafan da muke da su, tsofaffi ne na Faransanci da aka ba mu sadaka, ko fuska ɗaya irin tamu babu. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Shi ne na ƙirƙiro aikin da ya jawo mini wannan bala'i. Na ce kowane yaro ya zaɓi baƙin mutum ɗaya da ya yi abin kirki a tarihi, ya binciko labarinsa cikin wata guda, ya zo ya karanta gaban iyaye. Na rubuta musu dokoki uku a tabulo, har yau suna nan ban goge ba. Kada ka rubuta abin da ba ka ji da kunnenka ko ka karanta da idonka ba. Kada ka yarda da bakin mutum ɗaya, nemi na biyu. Sannan a ƙarshen takarda ka rubuta sunan wanda ya faɗa maka ko inda ka karanto, don labarin da ba shi da mai shi gulma ce, ni kuma ba na ba gulma maki. Kullum sai sun rera dokokin nan kamar waƙa kafin mu tashi, ina jin daɗi, ina ganin na kawo ilimi Tahaggart.

Ranar Alhamis nake kwaso su biyar biyar in kawo su wannan siber ɗin, mu taru kan inji ɗaya. Wani ya ɗauki sarkin nan da ya tafi Makka da raƙuman zinariya, wata ta ɗauki sarauniyar da ta ƙi miƙa wuya ga Turawa, ɗan Alhaji ya ɗauki wani malamin Timbuktu mai ɗakin littattafai. Ku ga yara suna zare ido suna cewa ashe baƙi ne kamar mu! Hadiza ce kaɗai ta ce ita ba ta son na siber, nata mutumin yana gida, uban kakarta za ta yi. Na ce madalla, ai wannan ya fi.

Kakar nan tata tsohuwa ce tukuf, duk gidan Anna suke ce mata, wato uwa da yarensu, Hausa kuwa a bakinta kamar Bakatsiniya. Ita ta goyi Alhaji a bayanta, ita ta yaye shi, kuma har kwanan nan duk safiya sai ya durƙusa ƙofar ɗakinta ya gaishe ta kafin ya fita, ba ya shan fura sai wadda ta dama. Kowa a unguwa ya san matsayin iyayenta a gidan su Alhaji, amma ba mai furtawa. Ni da na fito Damagaram ai bai kamata a ce sai an yi mini bayanin irin wannan ba, mu ma muna da gidajen da ake yin shiru a kan asalinsu. Amma boko ya rufe mini ido.

Akwai wata rijiya a tsohuwar hanyar raƙuma tsakanin Ayar da nan, da sunan kakan Alhaji ake kiran ta. Duk zaman shayi sai Alhaji ya ba da labarin yadda kakansa ya haƙa ta ya ceci ayari guda daga ƙishirwa, darajar gidansu kenan gaba ɗaya. To tsohuwa ta faɗa wa jikarta cewa uban ita tsohuwar ne ya haƙa rijiyar da hannunsa, bawa ne da aka sayo, shi ya gane wurin ruwan, shi ya shiga ramin, maigidan nasa, wato kakan Alhaji, yana kwance ba lafiya a inuwar kaya. Gefen ramin ya rufto masa a ƙafa, da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa. Yarinyar nan ba ta tsaya nan ba, saboda doka ta biyu. Ta ji labarin wani tsoho mai kawo awaki kasuwa daga Tazrouk wanda ubansa yana cikin ayarin, ta yi ta sintiri kasuwa har sau uku kafin ta same shi, shi ma ya ce haka ya ji daga ubansa. Kakarta ta ce kwana bakwai aka yi ana haƙa, tsohon ya ce tara, sai ta rubuta duka biyun, ta sa a gefe cewa a nan bakinsu ya saɓa. Ƴar shekara goma sha biyu fa, ban koya mata wannan ba, ita ta gano da kanta.

Ga inda na yi kuskuren da ba zan yafe wa kaina ba. Ana gobe taro yara suka kawo kaye-kayensu, wato littattafan rubutunsu, ni kuma gaggawa ta yi mini yawa, ga aron kujeru ga dafa shayi, ban karanta ko ɗaya ba, ƙarshen takarda kawai nake dubawa in ga ko akwai sunan mai labari. Na Hadiza akwai na tsohon Tazrouk, babu na kakarta. Na tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce Anna ta ce kada a sa sunanta. Dariya na yi wallahi, na ce kunya ce irin ta tsofaffi, doka doka ce, in ba suna ba maki. Ta sake cewa Malama ta ce fa kada a sa. Na miƙa mata bik ɗina na ce rubuta ina kallo. Ta rubuta. Ko tambayar ta dalili ban yi ba, sau biyu yarinya tana gaya mini.

Ranar taro bayan la'asar garaji ya cika, iyaye mata a tabarma, maza a bakin ƙofa, Alhaji a kujerar gaba da abokansa ƴan kasuwa biyu da ya gayyato. Yara suka yi ta karatu ana tafi. Da Hadiza ta miƙe ta ambaci sunan rijiyar sai na ga Alhaji yana murmushi yana gyaɗa kai, yana zaton yabon kakansa za a yi. Tana kaiwa wurin bawa da aka sayo na so in tsayar da ita, amma na kasa. Ita kuwa murya a sama, kai a ɗage, alfahari take yi, ta samo nata gwarzon. Ta kai ƙarshe ta karanta yadda na koya musu, wadda ta faɗa mini wannan labari ita ce wance ɗiyar wane, ta faɗi cikakken sunan tsohuwar. Ba wanda ya tafa. Alhaji ya ja rawaninsa ya rufe fuska har ƙarƙashin ido, ya ajiye kofin shayinsa a ƙasa bai shanye ba, ya fita.

Da tsohon Tazrouk kaɗai aka ambata da an ce ruɗun tsufa ne, a yi dariya a wuce. Amma sunan Anna ne, matar da ke cikin gidansa, a gaban abokansa. Yau kwana goma sha ɗaya bai taka ƙofar ɗakinta ba, in ta dama fura haka ake dawo da ita. Bai zage ta ba, bai ɗaga mata murya ba, ita kuma ta daina cin abinci, ta kwanta. Shekaran jiya ya aiko ƙanensa ya same ni, wai ranar Juma'a bayan masallaci za a sake tara mutanen nan a garaji, in tashi da bakina in ce yarinya ce ta ƙaga labarin don neman maki, tsohuwa ba ta faɗa ba, in yaga kayen a gabansu, shi kenan magana ta mutu, Anna ta ci gaba da zamanta. In na ƙi, zai sa ta mota ita da jikarta a kai su Agadas. Ta bar can tun tana budurwa, ba ta da kowa, ko ɗakin da za ta sa kai babu.

Na roƙi ƙanen nasa a bar ni in ɗauki laifin, in ce ni na rubuta mata. Ya ce ba wanda zai yarda, ni baƙuwa ina na san sunan rijiya da kwanakin haƙa. Na ce to a rufe lekkol ɗin, ni a kore ni, a ƙyale su. Ya ce ba ni Alhaji yake jin ciwo ba. Maigidana kuwa faɗa ya rufe ni da shi, wai wa ya aike ni tonon asalin mutane, a karantar da yara abacada kawai ya gagare ni, mu da ba mu da takardu, in jandarma suka ji hayaniya a garajin nan a kamiyo, babbar motar nan, za a loda mu sai bakin iyaka. Ya ce in je in faɗi abin da aka ce in faɗa, yarinya ce, za ta manta. Ni kuwa na san ba za ta manta ba.

Jiya na lallaɓa na shiga wurin tsohuwar. Ta rame, sai idanu. Na durƙusa na ce Inna ki yafe mini, ni na sa ta. Ta kama hannuna ta ce, Malama, kowace kalma gaskiya ce, ni na wanke wa ubana wannan ƙafar har ya mutu, amma ki je ki ce ƙarya ce. Ta ce ita ba Agadas take tsoro ba, so take yaron da ta goya ya tsaya kan gawarta. Oh ni, wallahi da ta tsine mini da ya fi mini sauƙi.

Ina fitowa na tarar da Hadiza a bakin garaji. Ba ta san abin da aka nema daga gare ni ba, ta dai san an daina yi mata magana a gidan. Ta ce, Malama, ai ban karya doka ko ɗaya ba ko? Na ce ba ki karya ba. Ta ce to kowa an mayar masa da kayensa, ni nawa na samu? Na ce mata ban gama dubawa ba. Ƙarya na yi, na karanta shi ya fi sau goma, tunda na fara koyarwa ban taɓa riƙe aikin da ya kai shi ba, ashirin bisa ashirin ne.

Ƴan uwa, ga ni a tsakiya. In na faɗi gaskiya tsohuwa za ta mutu a garin da ba wanda ya san ta. In na yi yadda suke so, zan tsaya gaban tabulon da dokokina uku ke rubuce in kira yarinyar da ta fi kowa bin su maƙaryaciya, a gaban yaran da za su yi ta kiran ta da sunan har ta girma, kuma in nuna mata amsar tambayarta ta farko ita ce a'a. Na yi istihara, na yi kuka, ban ga hanya ta uku ba. Masu ilimin addini a cikinku, ƙaryar da za ta bar tsohuwa a ɗakinta halal ce, ko da marainiya za a yi wa ƙazafi? Iyaye mata, in ƴarku ce, me za ku so malamarta ta yi? Kada ku ce in yi haƙuri, haƙuri ba zai hana Juma'a zuwa ba, yau Laraba. Kayen yana cikin jakata yanzu haka, in sa masa ashirin ɗinsa in miƙa mata, ko in yaga shi tana kallo?