Akushin Baba

Gwaggo Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki, ya maigida da yara, ya zaman Ikko? Mu nan Mafara muna lahiya, alhamdu lillahi.

Mun dawo da Baba daga Indiya. An cire abin da ya ciru na ciwon dajin da ke bayan tumbinsa, kuma tun cikin yana buɗe suka haska wurin da na'urar gashin ciwon daji kafin su ɗinke. Likita ya ce hasken ba ya zama a jiki, amma bai yi mana alkawarin warkewa ba.

Sai dai labari ya riga mu isowa gida, wai duk wanda ya taɓa shi zai kwashi hasken. 'Yan dubiya daga Maradun suka tsaya bakin zaure suna gaisuwa daga nesa. Har akushinsa aka ware. Na yi bayani har na gaji. Kin san Baba bai saba cin tuwo shi kaɗai ba, sai ya daina ci.

Ranar Juma'a amininsa Malam Haruna ya zo daga Bakura. Ya ji komai. Ya wanke hannu, ya jawo akushin, ya ce, "Alhaji, bismilla, kar ya huce." Baba ya ci, yana ci yana share ido.

Ki sa shi a addu'a, ki gaishe min da kowa. In kin zo, Gwaggo, kada ki tsaya bakin ƙofa.

Ɗanki,
Bashir