Motar da Ta Shiga Tekun Badagiri

Dutsin-Ma, 5 ga Fabrairu

Zuwa ga Malam Mahmuda, Sakataren Ƙungiyar 'Yan Hatsi ta Dutsin-Ma da Kurfi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ƙafar ta yi sauƙi, iyali kuma suna lafiya.

Ka ce ba ka karɓar rahoto ta waya, sai a rubuce. To ga shi. Amma bari in fara tuna maka wanda ya ɗauki nauyin tafiyar. Ni Labaran daga aji uku na sakandare na tsaya. Na yi dako, na yi kwasar tumatir a Makera, na fara awon gero da tiya guda, ita ma ta aro. Yau ina da sito uku, injin niƙa biyu da motocin haya huɗu. Na sauke farali, na kai mahaifiyata ita ma ta sauke. Babu kawu, babu ɗan siyasa, babu wanda zai ce ya taɓa ɗora mani ko rabin buhu. Allah ne ya yi, sai gumina.

Da haka na kwashi 'yan ƙungiya goma sha takwas a bas ɗina, da maina, da direbana Tukur, na kai su Badagiri ta jihar Legas suka ga teku. A cikinsu babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Zobe.

Garin tsoho ne ƙwarai. An kai mu wani bene da aka ce shi ne na farko a ƙasar nan. Gaskiya bai kai sitona na tsakiya girma ba, matakalarsa ta katako har kuka take yi, amma ga mutane sun yi layi. Wannan ya ba ni tunani a kan namu dutsen da dam ɗinmu, da muke wucewa kullum ba mu ko ɗaga kai. Daga nan sai gidan tarihi inda aka ajiye sarƙoƙin bayi. Ɗan jagora ya ce har da mutanen Arewa a cikin waɗanda aka saida. Alhaji Sodangi, dattijon tafiyar, ya ɗaga sarƙa guda da hannu biyu, ya kasa riƙe ta, ya ajiye ya yi masu addu'a.

Washegari muka shiga kwalekwale mai inji muka ƙetare zuwa tsibirin da ake bi da bayin a kai su jirgi. Yayata Hajiya Mairo ta rufe ido tun daga wannan gaɓa har waccan tana salati, amma da muka sauka ita ce ta fara taya kwakwa. Ranar ƙarshe muka je bakin teku sosai, inda ake shan iska. An ɗan samu jinkiri a can, ba abin da za a sa a takarda ba ne.

Ina son sunana ya fito a farkon rahoton da za ka karanta a taron ranar Asabar, sha bakwai ga wata.

Na gode. Allah ya ƙara lafiya.
Alhaji Labaran Abdullatif Dabawa


Kurfi, 8 ga Fabrairu

Zuwa ga Alhaji Labaran.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ka da gajiyar hanya. Ƙafa da sauƙi, sai dai ta hana ni ganin abin da kuka gani.

Na karɓi takardarka, kuma sunanka zai fito inda ya dace, domin ka yi abin yabo. Saura batun da ka kira jinkiri. Wani daga cikin matafiyan ya ɗauki bidiyo, kuma ya zagaye wayoyin Kurfi. Ana ganin bas ɗinka ruwa ya shanye tayoyinta, igiyar ruwa tana dukan ƙofa, ga fuskar Tukur a taga.

Wataƙila labari bai iso maka duka ba. Shugabannin tasha sun cire Tukur daga layi, sun ce direban da ya kai mutum goma sha takwas bakin halaka ba za a ba shi fasinja ba har sai an san yadda aka yi. Sun aiko mani cewa rahoton ƙungiya suke jira su yanke hukunci. In ya nuna sakacinsa ne, ya bar tuƙin haya a garuruwan nan biyu ke nan. Mutumin nan shekararsa ashirin da huɗu a bisa hanya, yana da mata da 'ya'ya bakwai.

Na kira shi na tambaye shi. Abin da ya ce kawai: "Malam, ni ke riƙe da sitiyari." Na juya tambayar ta kowace fuska, amsar dai ita ce wannan.

Saboda haka a yanzu na rubuta: "Motar ta kafe a bakin teku bisa kuskuren direba." Kafin in sa hannu, ina neman ka tabbatar mani haka ne.

Wassalam. Naka,
Mahmuda


Dutsin-Ma, 10 ga Fabrairu

Malam Mahmuda,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa.

Haba Malam! An kai mutane sun ga abin da kakanninsu ba su gani ba, an dawo da su ko ƙwarzane babu, sai a bar wannan duka a kama zancen taya? Motar tawa ce. In akwai mai kuka ni ne, kuma ban yi ba. An wanke injin, an sake mai, tana bisa hanya.

Ka cire layin nan gaba ɗaya. Kada ka ce direba, kada ka ce kowa. Ka rubuta bene, ka rubuta sarƙoƙi, ka rubuta kwalekwale da itatuwan kwakwa da suka yi sahu kamar an shuka su da igiya. Abin da 'yan baya za su so karantawa ke nan.

Zancen Tukur kuwa, na sa wani a motar kafin ƙura ta lafa, don fasinja sun ƙi shiga in shi ne a gaba, ni kuma ba zan ajiye mota ba. Na ce ya riƙa zama a sito yana duba masu lodi. Ba zai kwana da yunwa ba ina raye. Mutane da mantuwa suke, nan da damina wa zai tuna?

Ka huta lafiya.
Alhaji Labaran


Kurfi, 13 ga Fabrairu

Labaran,

Ina yini, ya iyali. Ka yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne. Na kira ka sau uku ka ce kana taro, shi ya sa na ba direban motar garin Barkiya wannan ya kawo maka.

Malam Mahmuda ya ce mani tasha ba za su karɓi rahoton da aka tsallake zancen ba. In ba a faɗi kowa ba, Tukur aka faɗa. Kai ma ka san haka.

Ni ce a kujerar bayan direba, kuma kunnena ƙalau. Da muka iso inda hanya ta ƙare, Tukur ya tsaya ya ce, "Alhaji, ƙasar nan ba ta yi mani ba. Mu bar motar nan bisa, a ɗauki Baba Sodangi a kujera a kai shi."

Ka ce, "A kujera? Dattijo ɗan shekara tamanin a ɗauke shi kamar buhun dawa, mutanen Ikko na kallo? Sau nawa ka gangara bakin Zobe da rani ka yi lodin tumatir?"

Ya ce, "Wancan dam ne, Alhaji."

Ka ce, "Ruwa dai ruwa ne. Gangara, yashin da ya jiƙe ya fi tauri. Kuma ka juya ta yadda sunan da ke jikinta zai fito a hoto."

Ya gangara. Wani tsohon masunci da ke gyaran komarsa ta kamun kifi ya taso, yana ɗan jin Hausa, ya nuna tekun ya ce, "Alhaji, ruwa yana zuwa." Ka ɗaga kai ka dubi sama ka ce mashi, "Baba, ko gajimare babu. Mu a wurinmu sai an yi ruwan sama gulbi ke kawowa." Duk muka yi dariya, har da ni. Wa ya san akwai ruwan da ke cika ya janye kullum, ba damina ba rani?

Muka shimfiɗa tabarmi, muka ci dambu, Baba Sodangi ya tsoma ƙafa yana cewa ina ɗaya gaɓar. Muka yi azahar. Kafin mu shafa addu'a ruwa ya ɗauke takalman mutum huɗu. Tukur ya tada mota, tayoyi suka yi ta tono suna nutsewa. Masuntan nan, sun fi talatin, suka ɗaura igiyar komarsu suna ja suna waƙa. Aka ce Tukur ya fito, ya ƙi, ya ce in ya saki sitiyari motar za ta juya ta kife. Ruwa har ƙaurinsa yana zaune a ciki. Abin da mai bidiyo ya ɗauka ke nan.

Ba zan rage maka naka ba. Na gan ka da babbar riga ka goya Baba Sodangi a bayanka ka hau da shi tudu, bayan ka ce ba za a ɗauke shi ba. Na san don mutuncinsa ka yi rabin abin da ka yi. Ɗaya rabin don hoto ne.

A hanyar dawowa ka ce wa Tukur zancen ya tsaya a nan. Shi ya tsayar. Jiya matarsa Ikilima ta zo awo wurina, ta ce yaran makaranta sun sa wa ɗiyarta suna Ɗiyar Mai Jirgin Ruwa, yarinyar ta ƙi zuwa aji. Ta ce shi kuma in ya ji ƙarar mota da safe sai ya miƙe, sa'annan ya koma ya zauna. Ka ajiye direba a bakin sito yana ƙirga 'yan dako, ka ce ka taimake shi?

Ni ba zan tashi a taro in tsinka ka ba, ƙanena ne kai. Amma in aka karanta "kuskuren direba" ina zaune, zan ɗauki mayafina in fita, kowa ya fassara yadda ya so.

Ka gaida su Adama. Allah ya yi maka albarka.
Yayarka, Mairo


Dutsin-Ma, 15 ga Fabrairu

Zuwa ga Malam Mahmuda.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma ba ka haƙurin wahalar da kai da na yi.

Ka soke takardata ta goma ga wata. Ga abin da za ka rubuta, kuma na aika wa shugaban tasha kwafi da sa hannuna.

Tukur ya ce a bar mota a tudu, ni na hana. Masunci ya ce ruwa na zuwa, ni na ce babu gajimare. Na auna teku da dam, awon bai yi daidai ba. Tukur ya zauna cikin ruwa ya riƙe motar har aka fito da ita, in da wani direban ne da tuni ya yi tsalle ya bar ta. Na maida mashi makullinsa yau da safe. Ran da tasha suka maida shi layi, ni ne fasinjansa na farko, a kujerar gaba, daga nan har Kurfi.

Abu ɗaya nake nema. Na san halinka na sakaya zance. Kada ka rubuta "mai motar", kada ka rubuta "ɗaya daga cikin shugabanni". Ban taɓa yarda wani ya ɗauki abin da na yi ya ce nasa ne ba, ba kuma zan fara da wannan ba. Ni na kai mutane teku, ni na sa mota a ciki. Ka rubuta Alhaji Labaran Abdullatif Dabawa a wuri biyun, cikakke, da manyan baƙaƙe. In ka zo karantawa ranar Asabar ka ɗaga murya, na bakin ƙofa ma su ji.

Wassalam.
Alhaji Labaran Abdullatif Dabawa