Mutum Ɗari Biyar a Gindin Rami

Litinin, 6 ga Mayu

Takarda ta zo daga gunduma. Duk garin da mazaunansa ba su kai ɗari biyar ba, za a rufe ɗakin shan maganinsa, a mai da nas birni. Ni kuma aka ɗora wa ƙirgar, sai ka ce haihuwa da zazzaɓin garin nan namu Ntemso ba su ishe ni ba. Mako biyu suka ba ni. In aka rufe, mai naƙuda sai ta yi awa biyu tana hawan tudu kafin ta ga mota. In aka rufe kuma, ni Abena na koma Kumasi, abin da nake roƙo shekara tara. Wannan ban faɗa wa kowa ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Gida goma sha ɗaya kacal, kaina kamar ya tsage. Na tambayi Maame Dufie su nawa ne a gidanta, ta ce talatin da biyu. A ɗaki uku! Ashe ta haɗa da 'ya'yan 'yan'uwanta mata na Akra, da na Jamus, da jikokin da ba su taɓa ganin tafkinmu na Bosumtwi ba. Wai duk wanda ya fito ta tsatson uwa ɗan gidan ne, kuma nan za a kawo gawarsa. Na ce takarda masu kwana a gari take tambaya, ba masu dawowa a akwati ba. Ta ɗaure fuska ta shige madafa. Na rubuta huɗu.

Asabar, 11 ga Mayu

Jana'izar wani tsoho. Gari ya cika maƙil da baƙaƙe da jajayen zannuwa, ganga har cikin haƙorana. Opanin Twumasi, kakakin sarki, ya biyo ni da sandarsa wai ga mutane Allah ya kawo, in ɗauko biro. Na ƙi. Gobe duk za su watse su bar mana ledoji.

Sai ya ce, a gaban jama'a, “Anti Nas, ƙirgar nan taki tana ƙamshin Kumasi.”

Aka yi dariya. Na ji haushi ƙwarai.

Talata, 14 ga Mayu

Motar ɗalibai ta tsaya can saman tudu, suka gangaro da ƙafa. Malaminsu ya tsaya a ƙofata yana ba su labarin dutsen da ya faɗo daga sama fiye da shekara miliyan da ta wuce, ya haƙa ramin nan da muke zaune a ciki. Sun auna duwatsu, sun ɗauki hoton ruwa, biyu sun yi fitsari a bayan katangata. Ba wanda ya tambayi mu nawa ne. Shi ma dutsen, duk faɗin duniya ya rasa inda zai faɗa sai inda za a turo ni aiki.

Alhamis, 16 ga Mayu

Ɗari huɗu da tamanin da shida. Saura bukkokin masunta na ƙetaren tafki, kuma ruwan sama ya zabtare hanyarsu.

Juma'a, 17 ga Mayu

Na roƙi Agya Ntim masunci ya samo jirgi mai inji. Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Shi ba zai saka ƙarfe a ruwan da aka ce ruhin matattu ke zuwa sallama da duniya ba, kuma na sani. Dole padua, katakon nan da suke hawa suna tuƙi da hannu. Shekara tara ina rantsuwa ba zan hau ba. Ya ɗaura nawa a bayan nasa, na rungume katako, littafi a leda a kaina, ina kiran sunan Yesu yana dariya.

Mutum goma sha uku. Cikinsu har da Yaa Pokuaa, ciki wata takwas, ƙafafu a kumbure, jini ya hau. Tana kallon tudun da ya zagaye mu ta ce, “Anti, in kin tafi, a kan katako zan ƙetare sannan in hau can?”

Na ce ta rage gishiri. Wace irin amsa ce wannan?

Lahadi, 19 ga Mayu

Ɗari huɗu da casa'in da tara. Sau uku na sake haɗawa. Opanin Twumasi ya ce in sa cikin Pokuaa, na ce wanda bai fito ba ba ya shiga takarda.

Bayan coci Maame Dufie ta kawo fufu da karfasa, ta dire kwano ba gaisuwa. Ta kai ƙofa sannan ta juyo.

“'Yata, kin bi gida gida kina tambayar kowa inda yake kwana. Ke a ina kike kwana?”

Tsohuwar nan ta cika fitina. Fufun dai ya yi daɗi.

Litinin, 20 ga Mayu

Na aika wa direban gunduma da takarda can saman tudu. Ɗari biyar cif. Layin ƙarshe: Abena Konadu, shekara arba'in da ɗaya. Ƙa'ida ce kawai, nan nake kwana, ba wani abu ba.

Takardar neman canjin wurin aiki na ninke ta na tokare ƙafar teburin awo, dama yana girgiɗi. Alhamis zan koma duba Pokuaa. Na ce wa Ntim ya sassaƙa mini katako mai faɗi, nawa na kaina.